Dalilan da Ke Sa Gida Ya Yi Kwantai a Ƙasar Gaya da Ajingi

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bincika dalilan da ke sa a kai gida kasuwa, ya shafe watanni, wani sa'i ma shekaru, ba a sami wanda ya saye shi ba. An ɗauki ƙasar Gaya da ta Ajingi, a gabashin Jihar Kano, domin su zama abin misali. Mai yiwuwa wani ya ce wannan magana ta masana tattalin arziki ce, ko ta alƙalai, me ya kai malamin harshe cikinta? Amsar ita ce, ciniki da baki ake yin sa, kalmomin da mutane ke ciniki da su kuwa suna ɗauke da ra'ayinsu game da abin da ake cinikin. Saboda haka za mu fara da kalmomi, sa'an nan mu bi su mu ga inda za su kai mu.

Galiban in gida ya ƙi sayuwa akan ɗora laifin a kan tsada, ko a kan rashin kuɗi a gari. Lalle waɗannan suna da nasu rabo. Amma abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, sau da yawa abin da mai gida ke tallatawa dabam, abin da mai saye ke nema dabam, alhali kuwa dukansu biyu suna kiransa da suna ɗaya, watau gida.

2. Kalmomin saye da sayarwa

Tun a 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, bisa ga wasalinsu na ƙarshe da karin sautinsu. In muka ɗauki saiwar nan ta saye muka bi da ita cikin azuzuwan, za mu sami jimloli kamar haka:

(a) Audu ya sayi gida. (aji na 2)
(b) Audu ya saye gidajen unguwar. (aji na 4)
(c) Audu ya sayar da gida. (aji na 5)
(d) Audu ya sayo azara daga Wudil. (aji na 6)
(e) Gidan ya sayu. (aji na 7)

Abu biyu ya kamata mai karatu ya lura da su. Na farko, mai sayarwa ba shi da wata saiwa tasa ta kansa a Hausa. Daga saya aka tsiro da sayar, kamar yadda aka tsiro da arar daga ara. Paul Newman ya nuna cewa ainihin ma'anar aji na 5 ita ce fitar da abu daga wurin mai aikatawa zuwa wani waje. Ke nan, a tsarin harshen kansa, saye shi ne tushe, sayarwa reshe ce. In babu mai saye, abin da mai kaya ke yi talla ne kurum.

Na biyu, aji na 7 yakan kawar da mai aikatawa daga jimla, ya bar abin da aikin ya faɗa wa shi kaɗai. In aka ce gidan ba ya sayuwa, ko kuwa gidan ya ƙi sayuwa, an mai da gidan kamar wani mai rai da ke da taurin kai. Ba a ambaci mai gida ba, ba a ambaci magada ba, balle dillali. Wannan salon magana yana da amfani wajen zaman tare, domin yana rufa wa kowa asiri. Amma ga mai bincike shamaki ne, sai ya ɗaga shi kafin ya ga mutanen da ke bayansa.

Akwai kuma kalmar kwantai, wadda asalinta ta 'yan talla ce: abin da aka fita da shi bai ƙare ba, ya kwana. Ƙosai in ya yi kwantai darajarsa ta ragu, kowa ya gan shi ya san na jiya ne. Za mu ga a gaba cewa gida ma haka yake, ko da tubalinsa ɗaya bai motsa ba.

3. Me ake nufi da gida?

In Bahaushe ya gai da ɗan'uwansa ya ce, ina gida, ba lafiyar katanga yake tambaya ba, iyali yake nufi. Haka nan in aka ce wane ɗan gidan malamai ne, ko gidan sarauta, ko gidan maƙera, zuriya ake nufi da sana'arta. Maigida da uwargida muƙamai ne a cikin iyali. In aka ce gidan su wane ya mutu, mai yiwuwa ginin yana nan tsaye, mutanen ne suka watse. Ginin da ba kowa a ciki kuwa yana da sunansa dabam, kango. In garin ne duka aka tashi aka bari, kufai.

To, a cikin kalmar nan ɗaya akwai abubuwa huɗu a cuɗe: akwai filin da aka yi ginin a kai, akwai ginin, akwai mutanen da ke da haƙƙi a ciki, akwai kuma sunan gidan a bakin jama'a. Mai sayarwa yakan yi wa duka huɗun kuɗi a zuciyarsa. A nan aka haife shi, a nan aka binne mabiyiyarsa, a zauren nan mahaifinsa ya yi zamani yana karɓar gaisuwa. Mai saye kuwa fili yake so da gini mai lafiya, sauran biyun in sun biyo shi nauyi ne.

Daga nan ne kunyar sayar da gida ta samo asali. A ce mutum ya sayar da gidan ubansa, magana ce da ake yi wa mutum gori da ita. Saboda haka ba safai ake shelar gida yadda ake shelar sa ko tunkiya ba. Akan raɗa wa dillali, shi kuma ya raɗa wa wanda ya ga dama. Wanda ya zaga birnin Kano zai ga gidaje da aka rubuta wa a bango cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, domin tsoron 'yan damfara. Ashe ƙin sayarwa akan rubuta shi da manyan baƙaƙe, son sayarwa kuwa a kunne ake faɗarsa. Kayan da ake ɓoye tallarsa, da wuya ya gamu da masu tayi da yawa.

4. Ƙasar da ake magana a kanta

Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Tarihin da aka gada ya ce daga nan ne maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi suka sauka a gindin Dala. Garin yana bisa hanyar da ta tashi daga Wudil ta nufi Dutse. Ajingi tana arewa da Gaya, tana iyaka da Jihar Jigawa. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 200,000 a Ƙaramar Hukumar Gaya, sama da 170,000 kuma a ta Ajingi. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya, suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa, matasa kuma suna fita cin rani.

A 2019 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa sababbin masarautu huɗu, watau Bichi da Rano da Ƙaraye da Gaya. A watan Mayu na 2024 aka soke wannan doka, sa'an nan a watan Yuli na shekarar aka sake kafa Masarautar Gaya a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Wannan ya shafi maganarmu, domin duk sa'ad da aka ɗaga darajar gari, masu gidaje da filaye sukan ɗaga tsammaninsu. Tsammani kuwa in ya hau ba ya saurin sauka, ko da dalilin hawansa ya sauya.

5. Masu haƙƙi a cikin gida

Babban abin da ke kai gida kasuwa a wannan ƙasa shi ne mutuwa, shi ne kuma babban abin da ke hana shi sayuwa. A ce misali wani magidanci ya rasu a cikin garin Gaya, ya bar matan aure 2, da mahaifiya, da 'ya'ya maza 3, da mata 4, bai kuwa bar wata dukiya mai yawa ba sai gidan da yake ciki. Bisa ƙa'idar rabon gado, matan aure suna da tumuni, watau ɗaya bisa takwas, uwa tana da sudusi, watau ɗaya bisa shida, saura na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. In aka buga lissafin, sai an kasa gidan kashi 240 kafin kowa ya sami nasa ba gutsure: kowace mata 15, uwa 40, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17.

Gida ba gero ba ne balle a auna shi da mudu. Yanzu ga mutum 10 sun mallaki zaure ɗaya da rijiya ɗaya. Babban ɗa yana son a sayar ya ja jari. Ɗaya daga cikin matan ba ta da inda za ta koma da ƙananan 'ya'yanta. Wani ɗan yana Legas, sai da salla ake ganinsa. In akwai maraya wanda bai balaga ba, rabonsa ba ya sayuwa sai da waliyyi ko wasiyyi, bisa maslaharsa. In aka yi jinkiri har mahaifiyar ta rasu, kashi 40 ɗin nan nata sai ya koma ga nata magada, waɗanda wasunsu ba su taɓa kwana a gidan ba. Kowace shekara aka ƙara, bakunan da za a nemi yardarsu suna ƙaruwa.

Shari'a ba ta bar wannan ba mafita. A mazhabar Malikiyya, abin da ba ya rabuwa sai da ɓarna, in ɗaya daga cikin masu tarayya ya nemi a sayar, alƙali yana iya tilasta wa sauran. Sai dai mutum nawa ne zai iya kai kakarsa da matan ubansa gaban alƙali? Kunya takan hana, sai babban wa ya sa gidan a kasuwa da bakinsa shi kaɗai, yana fatan in kuɗi suka zo sauran za su sauko. Mai saye kuwa in ya yi bincike ya ji bakin magada bai zo ɗaya ba, sai ya janye, don ba a cinikin biri a sama.

Har wa yau akwai hukuncin shufa'a. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta bayyana cewa in mutum ya sayar da rabonsa na gida ko gona da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi rabon. Wanda ke gari ikonsa yakan faɗi bayan shekara, wanda ba ya nan kuwa ikonsa yana nan ko da ya daɗe bai dawo ba. Mai karatu ya haɗa wannan da ƙasar da samarinta ke cin rani, ya kuma haɗa da zamanin da darajar naira ke zubewa. Wanda aka mayar wa kuɗinsa bayan shekara biyu ba abin da ya bayar aka mayar masa ba. Malikiyya ba ta ba maƙwabci shufa'a ba, Hanafiyya ce ta ba shi. Amma al'ada ta tanadi a fara yi wa maƙwabci tayi, wanda ya tsallake wannan kuwa ya sa wa mai saye zaman doya da manja tun bai tare ba.

6. Maganar takarda

A da, shaidar ciniki mutane ne. Akan tara mai unguwa da dattawa da maƙwabta, a zaga iyaka, a biya kuɗi a gabansu, wani lokaci a rubuta 'yar takarda da ajami ko da boko, dagaci ya sa hannu. Wannan ya isa muddin mai saye ɗan gari ne, shaidu kuma suna raye. Amma shaidu sukan mutu, takarda gara takan ci, bishiyar da aka yi iyaka da ita akan sare.

Dokar gwamnati kuwa wata hanya ta bi. Tun daga shelar 1910, da dokar 1916, da Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, hukuma ce ke riƙe da ƙasa a madadin jama'a. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya duka. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. Wurin da Gwamna ya ayyana birni ne, shi ke ba da izinin zama, sauran wurare kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izini irin na gargajiya. Sashe na 21 da na 22 sun hana a sayar da wannan izini, ko a jinginar, sai da yardar hukumar da abin ya shafa. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa jinginar da aka yi ba da yardar Gwamna ba ɓatacciya ce.

Abin da wannan ya haifar shi ne kasuwa ta rabu biyu. Ɗan gari ya yarda da shaidar mai unguwa, amma sau da yawa ba shi da kuɗin. Baƙo mai kuɗi, ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga Kano, yana neman takardar shaidar mallaka, wadda jama'a ke kira satifiket, gidan kuwa ba shi da ita. Neman ta yana bukatar awo da biyan kuɗaɗe da zirga-zirga, ga gidan ƙasa a ƙauye kuwa wannan ɗawainiya tana iya cinye kaso mai tsoka na kuɗin gidan. Mai gida ya ce mai saye ya nema, mai saye ya ce mai gida ya nema, ciniki ya tsaya a nan.

7. Su wa ke saye?

Ya kamata mu tambaya, wane ne ma yake bukatar sayen gida a ƙauyen Ajingi? Saurayi in zai yi aure akan yanka masa wuri a gidan ubansa ya yi ɗaki. In gidan ya cika, ya nemi fili a bakin gari ya fara da ɗaki ɗaya da danga, kowace kaka ya ƙara abin da ya sawwaƙa. Ginin kaɗan-kaɗan ya dace da samun manomi, sayen ginannen gida kuwa yana bukatar kuɗi a dunƙule rana ɗaya. Ke nan abokin takarar tsohon gida fili ne wanda ba kome a kansa.

Wanda ya sami kuɗi a dunƙule ma yana da inda zai sa su. Gona tana ba da amfani kowace shekara. Sa in aka kiwata shi ana iya kai shi kasuwar Wudil ran Juma'a a dawo da kuɗi a aljihu. Gida kuwa ba ya haihuwa sai inda akwai 'yan haya. Wudil tana da su, domin tun 2001 aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a can, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan 'yan sanda. Dutse ta zama hedkwatar Jihar Jigawa tun 1991, ma'aikata suka cika ta. Gaya tana tsakanin waɗannan biyu, hanyar da ta haɗa ta da su kuwa, yadda take kawo mutane haka take kwashe su. Ma'aikacin da zai iya zuwa aiki da safe ya koma Wudil ko Kano da yamma, ba lalle ne ya sayi gida a inda yake aiki ba.

Babu kuma rancen da zai cike giɓin. An kafa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a 1977, aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci. Amma irin wannan rance yana neman albashi tsayayye da takardar mallaka, ga kuma ƙyamar da Musulmi ke yi wa kuɗin ruwa. Saboda haka cinikin gida a wannan ƙasa kuɗi hannu ne, masu iya wannan kuwa ana iya ƙirga su a kowane gari.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake ganin haka ba. Binciken gwamnatin Japan na 2023 ya sami gidaje kimanin miliyan 9 da ba kowa a ciki, da yawansu na gado ne a garuruwan da matasa suka bari. Har ta kai daga watan Afrilu na 2024 doka ta wajabta wa magada su yi rajistar abin da suka gada. Arzikin ƙasa bai hana gidan gado zama kango ba.

8. Yadda kowa ke yi wa gida kuɗi

Mai gida yakan yi lissafi da abin da zai kashe in yau zai gina irinsa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira a watan Yuni, kayan gini sun yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, a watan Disamba na shekarar kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa ƙididdigar hukuma. Wanda ya yi ginin bulo da kwano yana da hujja in ya ce ba zai sayar ƙasa da kuɗin gini ba. Sai dai samun manomi da albashin malamin makaranta ba su bi siminti sun hau ba.

A tsohon gidan ƙasa bambancin ya fi haka faɗi. Mai gida yana ƙirga soro da shigifa da turaka da azarar da kakansa ya sa. Mai saye na zamani yana son ƙofar da mota za ta shiga, da falo, da banɗaki a cikin ɗaki. In lungun ya ƙuntata, mota ba ta shiga ko an rushe zaure. In ma ya saya, rushewa zai yi. Don haka a lissafinsa kuɗin gidan shi ne kuɗin fili, a ɗebe ladan masu rushewa da masu kwashe ƙasa. Abin da ɗaya ya ƙirga riba, ɗayan ya ƙirga shi hasara.

A nan ne al'adar tayi ke kawo cikas. Ga yadda magana takan gudana:

Mai saye: Malam, nawa suka yi masa kuɗi?
Dillali: Alhaji, taya dai, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima.
Mai saye: To, na saya kaza.
Dillali: Albarka, ranka ya daɗe. Wannan ko a gaban masu shi ba na iya maimaitawa.

A cinikin akuya, in aka ce albarka sai a ƙara, a yi ta ja har a sallama. A cinikin gida, tayin da ya yi ƙasa ƙwarai akan ɗauke shi raini ga gidan da mutanensa, sai a rufe ƙofar magana. Masu saye sun san haka, saboda haka wanda ya ga tsakaninsa da kuɗin da aka sa da nisa, ba ya ma tayawa. Mai gida kuma ba ya jin abin da kasuwa ke faɗa, domin ba wanda ya faɗa masa. Ƙin sauko da farashi hali ne na ɗan Adam ko'ina. A 2001 David Genesove da Christopher Mayer sun nuna cewa a birnin Boston na Amurka, masu gidajen da ke fuskantar faɗuwa sun fi sa kuɗi mai yawa, gidajensu kuma sun fi daɗewa a kasuwa.

9. Aibi da zato

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. George Akerlof ya gina shahararriyar maƙalarsa ta 1970 a kan irin wannan, da misalin tsofaffin motoci: in mai kaya ya san aibin da mai saye ba ya iya gani, mai saye zai taya kowane kaya tayin mai aibi, masu kaya nagari kuma su ƙi sallamawa. Gidan ƙasa ya fi mota iya ɓoye aibi. Sabon yaɓe yana rufe tsaga, gara tana cin azara daga ciki, gishirin ƙasa yana cin gindin katanga a hankali.

Lokacin da ya fi dacewa a duba gida shi ne tsakiyar damina, a ga inda indararo ke zuba, da inda ruwan lungu ke bi, da yadda kududdufin unguwa ke cika. Amma a watan Agusta kuɗin kowa suna gona. Da kaka, sa'ad da kuɗi ke hannu, ƙasa ta bushe, kowane gida lafiyayye ne a ido. Wannan ya fi tsanani a ƙasar Ajingi, wadda ke kan hanyar Kogin Haɗeja bayan ya wuce Wudil ya nufi wajen Ringim. A daminar 2022 ruwa ya rushe ɗaruruwan gidaje a wannan ƙaramar hukuma. Unguwar da aka taɓa ganin ruwa ya ci, sunan ya bi ta, har da gidajen da ke kan tudu.

Akwai aibin da ba na gini ba. Larabawa sukan ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, Bahaushe ma haka yake yi. Akwai kuma gidan da aka yi mace-mace a jere a cikinsa, ko aka ce yana da iskoki. Ko mai saye bai yarda da wannan ba, ya san matarsa za ta ji a gidan biki, ya san kuma ran da zai sayar, wani zai yarda.

Dillali shi ya kamata ya kawar da zato. Sunansa daga Larabci yake, haka ma la'adar da yake karɓa, wadda asalinta kalmar al'ada ce. Amma in aka ba dillalai uku ko huɗu gida ɗaya, kowa ya ɗora nasa a kan kuɗin da mai gida ya faɗa, sai mai saye ya ji farashi uku a yini ɗaya, ya tabbata akwai lauje cikin naɗi. In gidan ya shekara, tambaya takan sauya. Da ana cewa, nawa ne? Yanzu sai a ce, me ya hana a saye shi? Daga nan daɗewar kanta ta zama aibi, kamar ƙosan da ya kwana.

10. Kammalawa

In muka mai da jimlar nan ta aji na 7 zuwa aji na 2 da na 5, watau muka tambaya wa ya ƙi saye, wa kuma ya kasa sayarwa, za mu ga mafi yawan dalilan suna hannun mutane. Gidan da aka raba gadonsa tun da wuri, ko magada duka suka sa hannu a takarda ɗaya a gaban alƙali, ya tsira daga kashi na biyar na wannan takarda. Wanda aka tabbatar da iyakarsa tun shaidu suna raye ya rage wahalar kashi na shida. In aka yi wa fili kuɗinsa dabam, gini dabam, aka ba dillali ɗaya amana, aka faɗi aibi tun kafin a tambaya kamar yadda shari'a ta umurta, an rage na takwas da na tara. Ƙarancin masu saye ne kaɗai ya fi ƙarfin mai gida, domin wannan yana bin inda aiki da kasuwa suke.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, akwai aiki a nan da ɗalibai za su iya yi a garuruwansu lokacin hutu. Su zauna da dillalai da magina da masu unguwanni, su rubuta kalmomin ciniki da na gini yadda ake faɗarsu a wurin, irin su kafin alƙalami da awon igiya da jingina da makuba da tubali, su kuma lura da wace kalma ce tsofaffi kaɗai suka sani. Ginin ƙasa yana ja da baya a gaban bulo, kalmominsa kuwa suna bin sa. Abin da aka tattara daga Gaya da Ajingi, in aka gwama shi da na Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, zai amfani masu nazarin karin harshe da masu gyaran ƙamus gaba ɗaya.